Kafin Ki Tafi, Ki Koya Mana Allurar Inna

Anguwan Rogo, Jos.

Zuwa ga 'yata Hauwa, Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya tsare gabanki da bayanki a tafiyar da ke jiranki ranar Asabar, Ya sauke ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki.

Za ki yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naki. Ke kin san yadda muke. Ke ce 'yar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata gare ki, don haka tun kina ƙarama ban iya zaunar da ke in yi doguwar magana ba. In na fara sai in ɓuge da tambayar ko kin ci abinci. To, takarda ba ta jin nauyin kowa. Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na tsaya a firamare, sauran a jikin katin marasa lafiya na koya.

Farko dai godiya. Na gode wa Allah da Ya nuna mini ranar da 'yar mai shara da tura gado a asibiti ta zama nas, har aka ba ta ƙaramin asibitin ƙauye ta riƙe. Ranar da takardar aikinki ta zo, na shiga ɗakin ajiye bokitai a wurin aiki na rufe ƙofa na yi sujada. Sannan na gode miki. Shekara huɗu ke nan tun da ciwon suga ya kama kakarki Inna, kuma ko sau ɗaya ban ji kin ce kin gaji ba. Kina makaranta kina dawowa ki yi mata allura, ki duba ƙafafunta, ki yi faɗa da ita a kan shayi. Abin da ya kamata ni ɗanta in yi, ke kika ɗauke mini. Allah Ya ba ki masu yi miki.

A kan wannan alherin naki ne nake son magana, don shi ne ya sa ni fargaba.

Jiya da muna cin tuwo, mamanki ta tambaye ki yadda za a yi da Inna in kin tafi. Kika ce kada mu damu, za ki riƙa bugo waya safe da yamma kina faɗa mana abin da za mu yi. Ke da bakinki kika ce mana a ƙauyen nan sai an hau dutse ake samun sabis. Na tsaya na tambayi kaina: a gidan nan wa ya san yawan maganin da ake ja a sirinji? Wa ya san abin yi in Inna ta ƙi karyawa? Wa ya san wane kanti ne maganinsa ba jabu ba? Ba mamanki ba, ba gwaggonki Asabe ba, ba ni ba. Ran mahaifiyata yana cikin kan mutum ɗaya, kuma mutumin zai hau mota ranar Asabar.

Ba laifinki nake gani ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Halina kika ɗauko, kuma halin nan ya kusa kashe mutum. Ban taɓa ba ki labarin ba. Amma bari in fara da wanda ya riga shi.

Ina da shekara goma sha tara aka ɗauke ni aiki a asibitinmu da ke wajen Kabong, aka ba ni tsintsiya da bokiti a ɗakin maza. Akwai wani dattijo a gado na shida, ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Kullum da safe in na zura tsintsiya ƙarƙashin gadonsa sai in jawo ƙwayoyin magani, farare manya, biyu ko uku. In kwashe in zubar. Kwana tara ina haka. Likita zai zo zagayen safe, ya duba kati, ya girgiza kai, ya ce maganin nan ya kamata a ce ya fara aiki. Aka ƙara yawansa. Aka ɗebi jinin dattijo aka kai ɗakin gwaji. Duk ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, amsar tana cikin abin kwashe sharata. Na ce a raina, ni wane ne da zan tsoma baki inda masu farar riga ke magana?

Sista Chundung ce shugabar ɗakin a lokacin. Kin san ta, ita ce ta zo da buhun dankali ranar da kika gama makaranta. Wata safiya ta tare ni a baranda ta leƙa sharar da na kwaso. Ta tambaye ni tun yaushe, na faɗa mata. Na ɗauka korata za ta yi. Sai ta ja ni gefe, da Hausarta ta mutanen Filato, ta ce:

"Sale, likita yana ganin mutumin nan minti biyar. Ni ina ganin shi sau huɗu a rana. Kai kaɗai ne kake ganin ƙarƙashin gadon shi. In kai ka yi shiru, dukanmu makafi ne."

Ashe dattijon ba ya iya haɗiye manyan ƙwayoyi, kuma yana jin kunyar faɗa wa 'yan mata masu ba shi. Aka riƙa niƙa masa a cokali. Cikin mako guda ya fara zuwa masallacin asibiti da ƙafarsa.

Don haka Ummi, a inda za ki, na ji an ce akwai mai shara, akwai mai gadi, akwai wata tsohuwar ungozoma, da wani ma'aikacin lafiya da ya girme ki. Kowannensu yana ganin wani ƙarƙashin gado da ke ba ki gani. Mai gadi ya san wadda ta zo bakin ƙofa sau uku ta juya. Ungozoma ta san gidan da miji ba ya barin a zo awo. Ba za su kawo miki da kansu ba, don su ma suna cewa su wane ne. Ke za ki tambaya, kuma ki tambaya har su gaji su yarda da gaske kike. In kuma ke ce ƙarama a wurin, babban likita ya zo daga gari yana magana, kika ga abin da bai gani ba, ki faɗa cikin ladabi. Ladabi daban, shiru daban. Ni kwana tara na yi ban san bambancinsu ba.

Daga ranar nan na buɗe ido, na buɗe baki. Kuma daga nan ne babban kuskurena ya samo tushe, don mutum in ya bar rami ɗaya yakan ɗauka babu wani a gaba.

Shekaru suka tafi, na zama tsohon hannu. Tukwanen iskar oksijin na ɗakinmu suka dawo hannuna, ba don wani ya ba ni a takarda ba, sai don ni ne mai ƙarfin mirgino su daga sito. Kin san su, dogayen nan na ƙarfe. A kan tukunyar da ake aiki da ita ana ɗaura wani kai mai agogo, wanda ke nuna yawan iskar da ta rage. In tukunya ta ƙare, sai an sa sifana an kwance kan nan an mayar a kan sabuwa. To, agogon ɗakinmu yana da ciwo. In hannunsa ya sauko rabi sai ya maƙale, ya yi ta nuna rabi ko da babu komai a ciki. Sai ka ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce, sannan ya faɗo ya gaya maka gaskiya. Ni na gano haka. Ban faɗa wa kowa ba. Ba ɓoyewa na yi niyya ba, gani na yi ƙaramin abu ne, kuma ga ni kullum. Kowace safiya in ƙwanƙwasa, in ga ta yi ƙasa in canza kafin kowa ya lura. Cikakkun tukwane ina jera su bayan ƙofa, waɗanda suka ƙare a gefen taga, babu alama a jikin ko ɗaya, tsarin yana kaina. Sifana kuwa, tun da aka taɓa ɗauke ta aka kai wa masu gyaran famfo ta yi kwana biyu, sai na mayar da ita aljihun wandona.

Kusan shekara uku iska ba ta taɓa yankewa a ɗakinmu ba. Sauran ɗakuna ana ta rigima, namu shiru. Nas-nas suna cewa, "In dai Oga Sale yana nan, babu wahala." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Ummi: maganar nan tana yi mini daɗi fiye da albashi. Mutumin da bai gama firamare ba, a ce masu digiri suna leƙowa baranda suna kiran sunansa. Ina son a nemi ni. Wannan ita ce gaskiyar da na daɗe ban faɗa wa kaina ba.

Kin tuna ɗaurin auren baffanki Isa a Bauchi? Shekarar da wayar hannu ta shigo gari ke nan, masu kuɗi ne kawai ke da ita. Na karɓi hutun kwana ɗaya. Da asuba na fito da niyyar in biya asibiti in duba tukunya, sai na tarar motarmu tana jira, direba yana ta matsa oda, na ce ai jiya na duba, za ta kai. Na juya. Muna zaune ana rabon goro a Bauchi, na sa hannu aljihu zan ciro hankici, sai na ji sanyin ƙarfe. Sifana. Gabana ya faɗi, amma na lallashi kaina na ce kwana ɗaya ne.

Abin da ya faru a bayana, washegari na ji shi daga bakin mutum biyar, don haka zan iya faɗa miki kamar ina wurin. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe aka kawo wani tela daga Kwararafa, ciwon asma ya shaƙe shi, leɓɓansa sun fara canza launi. Wata sabuwar nas, Rahila, wadda ba ta fi wata biyu da zuwa ba, ita ta karɓe shi. Ta yi duk abin da aka koya mata. Ta duba agogo, ya nuna rabi, ta sa masa iska, ta je haɗa allura. Da ta dawo sai ta ga ruwan kwalbar da iska ke bi ya daina tafasa, mutum yana ta kokawa da numfashi, agogo kuwa yana nan a kan rabi kamar an zana shi. Ta gane tukunya ta ƙare. Ta ruga bayan ƙofa, ga tukwane shida a ɗakin, ba ta san cikakkiya ba. Ta nemi sifana, babu. Aka zazzage durowa, aka buɗe akwatina na ɗakin bokitai. Kowa yana tambayar ina Sale, Sale yana Bauchi yana cin shinkafa.

Abin da ya ceci telan nan, ba mutum ɗaya ba ne. Rahila ba ta tsaya kuka ba, ta ɗaga shi zaune ta ƙwala wa Sista Chundung kira. Sista ta aika mai wankin zannuwa ɗakin tiyata ta roƙo ƙaramar tukunyarsu. Mai gadi ya ji hayaniya, ya tuna direban motar asibiti, Oga Bitrus, yana gindin mangwaro yana wanke mota, ya ruga ya kira shi. Bitrus ya zo da akwatin kayan gyaran motarsa, ya gwada sifana uku, ta huɗu ta kama. Wani mai jinyar ɗan'uwansa, makaniki ne, shi ya riƙa jijjiga tukwanen yana buɗe bakin kowace kaɗan har aka sami mai iska. Likita ya bar layin da yake gani ya zo a guje. Da kyar aka dawo da mutumin. Yana nan da ransa, har yanzu yana ɗinki. Rigar sallar da na sa bara, shi ya ɗinka ta, kuma bai san ni ne ba.

Washegari na zo aiki da sifana a aljihu. Kin san abin da na fara yi? Ba haƙuri na ba da ba. Tsoro ne ya cika ni, mai tsoro kuwa neman wanda zai jingina wa yake yi. Na tarar da Rahila a teburin nas-nas idanunta sun kumbura, na ce a gaban mutane, ai da ta ƙwanƙwasa agogon da ta gani, kowa ya san agogon nan sai an ƙwanƙwasa shi.

Sista Chundung tana rubutu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kowa wa? Kira mini sunansu."

Babu wanda ya sani sai ni. Ita kanta da ta fi shekara goma a ɗakin ba ta sani ba.

Har yau in na tuna fuskar yarinyar nan kunya takan rufe ni. Ta yi aikinta daidai, ni na gina ramin, sannan na tsaya a bakinsa ina yi mata faɗa don ta faɗa. Na je na ba ta haƙuri daga baya, ta ce babu komai Baba, amma ta yi wata guda ba ta tambaye ni komai ba, kuma wannan ma asara ce ga marasa lafiya. Ummi, duk ranar da abu ya ɓaci a hannun wani na ƙasa da ke, ki riƙe harshenki ki fara tambayar yadda aka yi, kafin ki tambayi wanda ya yi. Sau da yawa wanda abin ya fashe a hannunsa shi ne na ƙarshe a layi, ba shi ne ya fara ba. In kika kunyata shi, gobe in ya ga ɓaraka zai rufe ta da ƙafa ya wuce.

Da rana Sista ta tara mu a ɗakin shan shayi. Ba nas-nas kawai ba, har da Bitrus, da mai gadi, da mai wanki, da Malam Garba mai sito. Ni na zauna kusa da ƙofa ina jiran takardar kora. Bitrus ya dube ni ya ce, "Ango, yaya Bauchi? An ce har da sifana aka ɗaura auren." Aka yi dariya, ni dai ban iya ba.

Sista ba ta yi maganar kora ba. Ta fara bin abin daga baya, kamar mai warware zare. Ta tambayi Malam Garba me ya sa bai ba mu sabon agogo ba. Ya ce akwai guda biyu sababbi a sito tun bara, amma shi ba ya fitar da kaya sai an rubuto cewa na da ya lalace, kuma ɗakinmu bai taɓa rubutowa ba, har yakan ba wa sauran ɗakuna misali da mu. Ta tambayi nas-nas me ya sa ba su rubuta ba. Suka ce iska ba ta taɓa yankewa ba, me za su rubuta? Ta tambayi kanta, da ƙarfi kowa yana ji, me ya sa ba ta taɓa koya wa sababbin nas canza tukunya ba. Ta ce don ba ta taɓa ganin buƙata ba, kuma wannan nata ne. Sai ta juyo kaina. Ta ce a garinsu ana noman lambu a bakin tafkunan da masu haƙar kuza suka bari. In hanyar ruwa ta toshe a tsakiya, kunyar shukar da ke can ƙarshe takan fara yaushi, mai injin ya hango ya zo ya buɗe. Amma in akwai wani mai kirki da ke ɗebo ruwa a bokiti a ɓoye yana zuba wa kunyar ƙarshe, ganye zai yi ta sheƙi, mai injin ya yi ta murna, hanya kuwa tana nan a toshe. Ranar da mai bokiti ya yi zazzaɓi, ranar kabeji zai mutu.

"Kai ne mai bokiti, Sale," in ji ta. "Mun gode da ruwa. Amma ka hana mu ganin inda ya toshe."

Ban taɓa jin an gode wa mutum an kuma yi masa faɗa a numfashi ɗaya ba sai ranar. A take aka gyara abubuwa, kuma kowa da hannunsa a ciki. Malam Garba ya kawo sabon agogo kafin la'asar. Bitrus ya samo sarƙa ya ɗaure sifana a jikin keken tukunya, yana cewa yanzu sai dai Sale ya tafi da keken gaba ɗaya. Mai wanki ce ta kawo shawarar alli: duk tukunyar da ta shigo a rubuta mata cike, wadda ta ƙare a ja mata layi. Ni kuma hukuncina shi ne in koya wa duk wanda ke aiki a ɗakin, har likita, yadda ake canza tukunya, kuma ba ni zan yi suna kallo ba, su za su yi ni ina tsaye hannuna a baya. Wallahi wannan tsayuwar ta fi mirgina tukunya wuya. Kana ganin mutum yana juya sifana ta baibai, hannunka yana ƙaiƙayi, amma dole ka bar shi ya gano.

Bayan haka an rage kiran sunana a baranda. Na ji babu daɗi na ɗan lokaci, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da ciwon baya ya kwantar da ni sati uku a wata shekara bayan haka, na kwanta hankalina kwance, babu wanda ya zo gida nemana sai masu dubiya.

Lokacin da kike shirin jarrabawarki ta ƙarshe, nakan ji ki a tsakar gida kina karanta wa kanki darasi, kina mayar da shi Hausa don ya zauna. Akwai wanda kika yi ta maimaitawa, cewa asibiti ba tarin mutane ba ne kowa da aikinsa, tsari ne guda, komai yana rataye da komai, kuma dole labarin abin da ya fito a ƙarshe ya koma wa na farko, in ba haka ba tsarin ba zai gyara kansa ba. Ina alwala na tsaya da buta a hannu. Na ce ashe abin da ya faru da ni har suna gare shi a littafi. Kin ci jarrabawar, na sani. Abin da nake so ki ƙara a kai shi ne, wanda ke tare labarin nan ba kullum malalaci ne ko mugu ba. Wani lokaci wanda ya fi kowa ƙwazo ne. Malalaci kowa yana ganinsa. Mai ƙwazo kuwa yabo ake yi masa har ranar da abin zai fashe.

In kin isa, za ki tarar da abubuwa a karkace, kuma za ki ga ya fi sauƙi ki yi da kanki a kan ki koya wa wani. Makullin kabad ɗin magani zai so ya zauna a jakarki. Za ki so ki zama ke kaɗai kika san yadda ake lallaɓa firjin rigakafi. Za su yabe ki, su ce tun da aka kafa asibitin ba a taɓa kawo kamarki ba. Ranar da kika ji wannan yabon, ki zauna ki tambayi kanki: in na kwana da zazzaɓi gobe, me zai tsaya? Duk abin da kika lissafo, shi ne aikinki na wannan watan. Kuma ki duba cikinsu, akwai mai bokiti a can ma, kowane wuri da nasa. In kin gano shi kada ki tsawata masa. Ki gode masa a gaban mutane, sannan ku je tare ku buɗe inda ya toshe. Abin da ya lalace kuma ki rubuta wa na sama, ko da kin san yadda ake lallaɓa shi, ko da sun yi shiru sau biyar. Wataƙila sabon yana nan a sitonsu yana jiran takardarki.

Yanzu na dawo gida. Mu ma a nan mun yi abin da nas-nas ɗinmu suka yi. Mun ga Inna tana sheƙi, muka yi ta sa miki albarka, muka naɗe hannu. Ni da na yi shekara ashirin da huɗu a asibiti, ban san ko layi nawa ake ja wa uwata a sirinji ba. Wannan nawa ne, ba naki ba.

Ga roƙona. Kwana huɗu suka rage. Daga gobe Laraba, bayan la'asar, ki zaunar da mu uku, ni da mamanki da gwaggonki Asabe. Ki koya mana allurar, da inda ake yi yau da inda za a koma gobe. Ki nuna mana yadda kike ajiye maganin a tukunyar ƙasa in an ɗauke wuta. Ki faɗa mana ƙananan abubuwan nan da kike ganin ba su kai a faɗa ba, don su ne nake tsoro. Na lura wani lokaci Inna tana cikin hira sai ta fara gumi tana faɗa babu dalili, ke kuma ba ki ce komai ba sai ki tashi ki kawo mata wani abu a cokali. Mene ne, kuma yaushe? Na lura akwai ranar da kike duba kwanon kokonta kafin ki ɗauko sirinji. Me kike dubawa? Ki rubuta duka da manyan baƙaƙe mu manna a bangon ɗakinta, har da alamar da in mun gani ba jiran wayarki za mu yi ba, acaɓa za mu tara. Sannan daga Alhamis har ki tafi, mu za mu yi, ke ki tsaya hannunki a baya. Zai yi miki wuya, na sani.

Saura Inna kanta. Ɗazu na shiga gaishe ta na ɗan taɓo maganar. Ta kalle ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai da ka ƙare a tura gado, yau a cinyata za ka zama likita? Ba mai huda ni sai takwara." Na ce takwara za ta tafi. Ta ja carbinta, can ta ce in dai takwara ce ta ce hannuna ya yi, to ta yarda, amma daga bakinta take son ji. Kin ga ke nan ba zan iya wannan ba sai da ke. Kada ki ce mata ya yi don ki faranta mini. In hannuna yana rawa ki ce yana rawa, in sake, ko a gaban mamanki ne. Na ji kuna cewa a jikin lemo kuka fara koyon allura a makaranta. Na biya kasuwa na sayo guda shida, suna cikin kwando a ƙarƙashin gadona.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, Ya ba ki abokan aiki irin waɗanda Ya ba ni, masu rufa asiri su kuma faɗi gaskiya. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya ba Inna tsawon rai ki dawo hutu ki same ta tana faɗa a kan shayi. Ki riƙe salla, ki riƙe gaisuwa. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini nauyin da na bari a kanki shekara huɗu.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sale.